Wasiƙar Imel Da Ta Tsaya A Hanya

Jawabi ga hakimai da malamansu na ƙasar Daura, wanda aka shirya domin taronsu na Kwangwalam.



Akwai wata gardama da ta yawaita a ofisoshi cikin 'yan shekarun nan, kuma kusan kullum kalmominta ɗaya ne. Wannan ya ce, "Na aika." Wancan ya ce, "Ban samu ba." Sai a yi ta jayayya har a kai ga rantse-rantse, alhali kuwa sau da yawa ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A zamanin En'e irin wannan gardama ba ta daɗewa. Malamin hakimi yana da littafin aika takardu, masinja ya kan ɗauki takarda da littafin tare, ya hau doki ko keke, in ya isa Daura wanda ya karɓa ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. In takarda ta ɓata sai a buɗe littafi, a ga hannun da ta tsaya. Yau kuwa da yawan takardun da ke tsakanin ofishin hakimi da majalisar Sarki, da ƙaramar hukuma, da ma'aikatun Katsina, ta imel su ke tafiya, ba wani masinja da za a kira a tuhuma. Amma fa ba a rasa masinjoji ba. Na'urori ne, kuma suna barin shaida kamar yadda na da su ke bari. Abin da ya ɓata al'amarin shi ne shaidar tasu da Turanci ta ke zuwa, cike da lambobi, malamai kuwa sun saba share ta ba tare da sun karanta ba.

A ɗauki misali. Damina ta gabato, an nemi kowane hakimi ya aiko da sunayen manoman ƙasarsa waɗanda za a sayar wa taki da rahusa, an yanke rana, aka ce Alhamis. Dagatai da masu unguwa sun sha yawo sun tattara sunaye, malami ya kwana biyu yana bugawa, ranar Talata da la'asar ya aika, ya yi hamdala, ya tafi gida. Wanshekare sai ga wata takarda ta shigo masa daga wani mai suna Mailer-Daemon. Bai san shi ba, bai taɓa jin mai wannan suna ba, sai ya share. Bayan mako biyu aka raba taki, ba sunan ko mutum ɗaya daga wannan gunduma. To, talakawa ba za su ce na'ura ce ta yi ba. Cewa za su yi hakimi da malaminsa sun san inda takin ya shiga. Ga shi kuwa takardar nan da aka share ita ce ta zo da bayanin abin da ya faru, kuma ta zo tun da sauran kwana guda a gyara.

Zango huɗu

Wasiƙar imel ba tashi ta ke daga wayar malami ta faɗa cikin wayar wanda aka aika wa ba. Zango-zango ta ke yi kamar fatake. Zangon farko, ta bar waya ko kwamfuta ta isa babbar na'urar kamfanin da ya ba malami akwati, ko Gmail, ko Yahoo, ko na'urar wata ma'aikata. Wannan babbar na'ura ita masana ke kira saba, amma in an ce mata gidan waya ba a yi kuskure ba, don aikinta ke nan. Zango na biyu, gidan wayan nan ya duba adireshi ya nemi inda gidan wayan mai karɓa ya ke. Na uku, ya yi sallama a can ya miƙa wasiƙa. Na huɗu, gidan da ya karɓa ya jefa ta cikin akwatin mai ita, ta zauna har ranar da ya buɗe.

Shi adireshi kashi biyu ne, alamar nan ta @ ita ta raba su. Wani injiniya na Amurka, Ray Tomlinson, shi ya zaɓe ta a 1971. Abin da ke gabanta sunan akwati ne, abin da ke bayanta kuwa sunan gida.

Zangon farko ya fi shafar mutanen bakin iyaka. A gari kamar Kwangwalam, inda taku kaɗan ne tsakanin mutum da Jamhuriyar Nijar, waya ta kan saki sabis na gida ta kama na ƙetare, ko kuwa sabis ɗin ya yi rauni, ko data ta ƙare ana cikin aikawa. Sai wasiƙa ta tsaya cikin akwatin fita, watau ko ƙofar gida ba ta bari ba. Ba wata takardar gargaɗi da za ta zo a kan wannan, don ba gidan wayan da ya gan ta tukuna. Saboda haka lalle ne malami, in ya aika, ya leƙa akwatin abubuwan da aka aika. In ya ga wasiƙarsa a can, to, ta wuce zangon farko. Amma iyakar abin da wannan ya tabbatar ke nan. Bai nuna ta isa Daura ko Katsina ba.

Huɗu da biyar

A zango na uku ne yawancin abin ya ke faruwa, kuma nan ne ya kamata a tsaya a fahimta da kyau.

Gidajen wayan nan suna da ƙa'idar magana da juna, sunanta SMTP. Wani masani, Jon Postel, shi ya rubuta ta a 1982, aka yi mata gyara a 2001 da 2008, har yau kuwa da ita duniya ta ke aiki. Bisa ga wannan ƙa'ida, duk maganar da gidan mai aikawa ya yi, gidan mai karɓa ya kan amsa da lamba mai harufa uku. Ba sai malami ya haddace lambobin duka ba. Ta farkon kaɗai ita ce abin dubawa. In ta fara da 2, kamar 250, an karɓa. In ta fara da 4, kamar 421 ko 450 ko 451 ko 452, ma'anarta, "Ba yanzu ba, a komo." In ta fara da 5, kamar 550 ko 552 ko 554, ma'anarta, "Ba za a karɓa ba, kada a sake kawowa haka." Sau da yawa a kan ƙara wata lamba mai ɗige-ɗige a bayanta, kamar 4.2.2 ko 5.1.1, ita ma dai ta farkon ce ke yanke hukunci.

Ba wanda zai koya wa mutanen Kwangwalam bambancin nan, don a kan hanyar Damagaram su ke zaune. Direba ya iso shinge da kaya. Wani lokaci a ce masa ya gyara fakin ya jira, ko don layi ya yi tsawo, ko don wanda zai duba takardunsa bai iso ba. Wannan direba bai yi asara ba, motarsa na nan, kayansa na nan, in lokaci ya yi zai wuce. Wani kuwa a duba takardunsa a ce ba su cika ba, ya juya. Wannan ko ya shekara a gindin shinge ba zai wuce ba, sai ya koma ya gyara. Na farkon shi ne huɗu, na biyun shi ne biyar. Kuskuren da ke ɓata aiki iri biyu ne: a ɗauki huɗu a matsayin biyar, a yi ta hargowa ana sake aikawa, ko kuwa a ɗauki biyar a matsayin huɗu, a naɗe hannu ana jiran abin da ba zai zo ba.

In amsa ta zo da 4, gidan wayan mai aikawa ba ya yar da wasiƙa. Ajiye ta ya ke yi cikin jerin masu jira, ya dinga komawa yana gwadawa da kansa, ba sai an umurce shi ba. Ƙa'idar 2008 ta ba da shawara cewa a dinga barin aƙalla minti 30 tsakanin gwaji da gwaji, kuma kada a fid da rai sai an yi kwana huɗu ko biyar. Ba kowane gida ne ke cika wannan ba. Manhajar nan Postfix, wadda ma'aikatu da yawa a duniya ke amfani da ita, kwana biyar ta ke jira in ba a sake mata tsari ba, wasu manyan kamfanoni kuwa kwana ɗaya ko biyu ko uku su ke yi. Cikin wannan lokaci a kan aiko wa malami da takardar gargaɗi, ta ce an samu jinkiri, ana nan ana gwadawa, sau da yawa har ta faɗi awa nawa suka rage. Wannan takarda ba labarin mutuwa ba ce, labarin rashin lafiya ce. In wa'adi ya cika ba a samu shiga ba, sa'an nan ne wata takarda ta biyu za ta zo ta ce an haƙura. Daga nan wasiƙa ta mutu, ba mai tashe ta sai wanda ya rubuta ta.

Me ke sa a ce a komo? Wani lokaci gidan mai karɓa ne ya cika da aiki, ko ana gyaransa, ko wuta ta ɗauke masa, ko hanyar da ke kaiwa gare shi ta yanke. Wani lokaci kuwa da gangan ne, kuma dabarar tana da ban sha'awa. Wani masani, Evan Harris, ya bayyana ta a 2003. Kamar dogari ne a ƙofar fada, baƙon da bai sani ba ya zo da takarda, sai ya ce masa, "Je ka ka dawo an jima." Manzon gaskiya zai je ya sha inuwa ya dawo, a buɗe masa, gobe in ya zo ba a sake tsai da shi ba. Masu watsa wasiƙun banza kuwa, da ya ke dubbai su ke jefawa suna gaggawa, da yawansu ba su dawowa. Don haka in malami ya rubuta wa wata ma'aikata karo na farko, wasiƙa ta yi minti ashirin ko awa guda ba ta isa ba, ba abin tashin hankali ba ne.

Sai kuma cikar akwati, wanda shi ne ciwon da ya fi kama ofisoshin karkara, kuma laifin mai karɓa ne, ba na mai aikawa ba. Google gigabait 15 ya ke bai wa kowa kyauta, amma ba wasiƙu kaɗai ke cin wannan wuri ba. Tun watan Yuni na 1 ga shekarar 2021 ba a ce ba, a'a, tun ranar 1 ga Yuni 2021 hotunan da waya ke ajiyewa can suna shiga cikin lissafi, kuma daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga. To, ga malami ya buɗe akwatin ofis a wayar da ya ke ɗaukar bidiyon biki da suna da hawan Salla. Wata rana wuri ya cika bai sani ba. Daga ranar duk wanda ya rubuto wa hakimi, wasiƙarsa a ƙofa za ta tsaya. Wani lokaci amsar 452 ce, a jira ko mai akwati zai share, wani lokaci kuwa 552 ce, a mayar nan take. Shi malami ba abin da zai gani, sai dai ya ce kwana biyun nan Katsina sun yi shiru.

Abin da aka gani da ido

Ba tatsuniya ba ce, abubuwa uku sun faru a 'yan shekarun nan waɗanda kowa a nan ya shaida, kuma kowannensu darasinsa dabam.

Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da sauran ƙasashen yamma, har bankuna suka kasa biyan mutane. Aka karkatar da zirga-zirga ta wasu hanyoyi kafin a gyara. Wannan shi ne ainihin abin da aka yi jerin masu jira dominsa. Wasiƙar da ta riga ta shiga gidan waya ta jira, da hanya ta buɗe ta wuce.

A watan Oktoba na wannan shekarar ta 2024 kuma manyan layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Nan lissafi ya sake. Ma'aikatar da ta ajiye na'urar wasiƙunta a cikin ofishinta, in ba ta iya ciyar da janareto ba har na'urar ta kwana shida a kashe, to, wa'adin kwana biyar ya wuce ta. Duk abin da aka aiko mata a farkon duhun an mayar wa masu shi, ba kuwa zai dawo don wuta ta dawo ba. Mutanen iyaka sun san wannan ma. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, rufewar da Nijeriya ba ta ɗage ba sai Maris 2024, mai kanwa da mai hatsi sun iya jira, mai tumatir da mai albasa ba su iya ba. Jira ma yana da iyaka.

Na ukun ya fi su ɓoyuwa. A watan Satumba 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa, aka yi wajen wata uku a haka. Ƙananan hukumomi biyar na ƙasar Daura, watau Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure, ba su cikin waɗanda aka rufe. To, a ce malami a nan ya rubuta wa takwaransa na Batsari a lokacin, shi kuwa akwatinsa na Gmail ne. Wace amsa za ta zo? Ba huɗu, ba biyar. Amsar 250 ce, an karɓa, don gidan wayan Google ba a Batsari ya ke ba, lafiyarsa lau. Wasiƙa ta shiga akwati ta kwanta, mai akwati kuwa ba shi da hanyar buɗewa sai ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis. Na'ura ta cika aikinta, saƙo bai isa ba. Wannan shi ne zango na huɗu, kuma ba wata lamba da ke ba da labarinsa.

In an ce biyar

Mafi yawan biyar daga kuskuren adireshi ta ke. Lambar 550 tare da 5.1.1 cewa ta ke babu akwati mai wannan suna a gidan nan. Harafi ɗaya ya isa. Malamai su lura da abu biyu da suka shafi Hausa. Gmail ba ya yarda a buɗe akwati da ƙ ko ɗ ko ɓ, ba ya kuma yarda da 'yar alamar nan da ke cikin Mai'aduwa ko Sa'idu. Mai akwati ya riga ya zubar da su ranar da ya buɗe, saboda haka wanda ya rubuta sunan daidai yadda aka koya masa a makaranta, shi ne ya yi kuskure. Na biyu kuwa na bakin iyaka ne. Adireshin Nijeriya da .ng ya ke ƙarewa, na Nijar da .ne, harafi ɗaya ne tsakani, kamar yadda shinge ɗaya ne tsakanin ƙasashen. Kada a ce wannan kuskuren ƙauye ne. A watan Yuli 2023 aka bayyana cewa miliyoyin wasiƙun sojan Amurka, waɗanda adireshinsu ke ƙarewa da .mil, sun yi shekaru suna faɗawa .ml, watau ƙasar Mali, don masu bugawa suna mance harafi guda. Adireshin da aka faɗa ta waya, musamman a kasuwa ko cikin mota, ba abin dogara ba ne. A ce wa mai shi ya fara aiko da 'yar gajeruwar wasiƙa, sa'an nan a amsa a kanta.

Akwai kuma akwatin da ya mutu. Ma'aikaci ya yi ritaya ko an sake masa wurin aiki, aka rufe nasa. Ko ma'aikata ta mance ba ta biya kuɗin sunan gidanta na shekara ba, sunan ya faɗi. Google kuma, tun Disamba 2023, yana da ikon share akwatin da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba.

Sai nauyin kaya. Gmail ba ya ɗaukar abin da aka liƙa wa wasiƙa in ya wuce megabait 25, wasu gidajen ma ba su kai haka ba, kuma kaya ya kan ƙara nauyi da wajen kashi ɗaya cikin uku in an naɗe shi domin tafiya. Malamin da ya ɗauki hoton shafi arba'in na sunayen manoma da waya, ya liƙa su duka a wasiƙa ɗaya, ya yi wa jaki kayan raƙumi. A raba su uku ko huɗu, a rubuta a kan kowace, ta ɗaya cikin huɗu, ta biyu cikin huɗu, don mai karɓa ya san in wata ta ɓace.

Wata biyar ɗin kuwa ta zargi ce, ta kan zo da 5.7 a gaba. Gidan mai karɓa ya ga wasiƙa ba ta da hatimin da ke tabbatar da gidan da ta fito. Tun Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan wannan. Ba abin da malami zai iya gyarawa da hannunsa a nan. Aikin mai kula da na'urar ma'aikata ne, sai a tura masa takardar gargaɗin ɗungum yadda ta zo, kada a taƙaita masa da baki.

Ko biyar ɗin ma ba wahayi ba ce. Ranar 14 da 15 ga Disamba 2020 na'urorin Google suka rikice, suka yi ta mayar da wasiƙun mutane da 550, suna cewa babu mai wannan suna, alhali akwatunan na nan daram. Da ya ke biyar suka ce ba huɗu ba, gidajen da suka aiko ba su sake gwadawa ba. Saboda haka in adireshin da aka shekara ana rubuta masa ya wayi gari an ce babu shi, a buga waya a tambaya, gobe a sake aikawa, kafin a soke shi daga littafi.

Abu na ƙarshe da ke ɓatar da wasiƙa ba ya ko motsi. An karɓa da 250, amma gidan mai karɓa ya yi shakkarta, ya jefa ta cikin akwatin da a ke kira Spam maimakon akwatin shiga. A Gmail abin da ya kwana 30 a can an share shi. Wasiƙar da ba ta da kan magana, ba ta da ko layi ɗaya na rubutu sai hoto kawai, ita ce ta fi faɗawa wannan rami, ga shi kuwa haka da yawan malamai su ke aikawa in suna sauri.

Sai a yi hattara da na jabu. 'Yan damfara sun san mutane na tsoron takardun nan, sai su kwaikwaye su, su ce akwatinka ya cika ko an tsare maka wasiƙu goma, danna nan ka sa kalmar sirri. Takardar gargaɗi ta gaskiya labari kawai ta ke bayarwa, tana ambaton wasiƙar da malami ya san ya aika da adireshin da ya aika wa. Ba ta taɓa neman kalmar sirri.

Abin da ya kamata ofishin hakimi ya yi

Littafin nan na da bai kamata a jefar da shi ba. A raya shi, littafi na takarda mai bango, a ja masa layuka: lambar wasiƙa, rana da lokaci, wanda aka aika wa, kan magana, sa'an nan layi na ƙarshe, ranar da aka tabbatar ta isa da sunan wanda ya tabbatar. Wannan layi na ƙarshe shi ne ya maye gurbin sa hannun da masinja ya kan komo da shi. A ƙarshen kowace wasiƙa mai muhimmanci a roƙi mai karɓa ya amsa ko da kalma biyu. In kwana ya yi ba amsa, a buga waya. Hakimi ba sai ya iya kwamfuta ba kafin ya tsare wannan. Ya isa ranar Juma'a da safe ya ce a kawo littafi, ya bi layin ƙarshe da yatsa, inda ya ga fili ya tambaya.

Akwatin ofis ya zama na ofis, ba na malami ba, kada a haɗa shi da hotunan gida, kuma mutum biyu amintattu su san kalmar sirrinsa, don ciwo da tafiya ba su sallama. Sau ɗaya a mako a leƙa Spam, sau ɗaya a wata a duba wurin da ya rage. Takardar gargaɗi kuwa, ko daga Mailer-Daemon ta ke, ko daga Mail Delivery Subsystem, ko daga Postmaster, ba a share ta. A nemi lamba a cikinta, a rubuta a littafi.

In lambar huɗu ce kuma ba gaggawa, a ƙyale na'ura ta yi aikinta. Sake aikawa sau biyar ba ya buɗe ƙofa, duka biyar ɗin layi ɗaya za su shiga, ranar da aka buɗe kuwa su faɗa wa mai karɓa gaba ɗaya, ya rasa wadda zai yi aiki da ita. Amma in akwai ranar da aka yanke, kamar Alhamis ɗin nan ta taki, to, na'ura ba ta san da ita ba. Ita wa'adinta kwana biyar ne ko da na hukuma gobe ne. A nan sai malami ya buga waya ya faɗi abin da takardar ta ce, don sau da yawa mai karɓa ne ke da maganin, ya share akwatinsa ko ya ba da wani adireshi. In hakan bai samu ba, daga Kwangwalam zuwa Daura ba nisa ba ne, a buga a takarda, a sa hatimin hakimi, a ba mai babur tare da littafi, ya komo da sa hannu.

Sai dai a tuna, wasiƙar da ke jira tana nan da ranta, wataƙila ranar Asabar ta isa bayan an riga an karɓi ta takarda. Don haka lamba ɗaya za a sa wa duka biyun, a kuma rubuta a saman ta takardar cewa kwafe ce ta wadda aka aika ta imel ranar kaza, domin magatakardan da ya karɓa kada ya shigar da sunayen gunduma ɗaya sau biyu.